Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya: Jawabi Kan Lafiyar Masu Renon 'Ya'yanmu

Iyayena maza da mata, shugabannin kasuwa, yayyena da ƙannena. Na san kowannenku ya baro rumfa, ko ya bar kaya a hannun maƙwabci, kafin ya samu sukunin saurarena, saboda haka ba zan cinye muku lokaci ba. Tambaya guda zan fara yi, kowa ya ba kansa amsa a zuci: a wannan sa'a da kuke neman abin sakawa a bakin salati, wa ke riƙe da ƙananan 'ya'yanku, kuma me ta ci tun wayewar gari?

Rabin farko na tambayar kowa ya san amsarsa. Wata za ta ce mahaifiyarta ce, wani ya ce yarinyar da aka kawo musu daga ƙauye ce, wata ta ce maƙwabciya ce mai karɓar yaran unguwa ana ba ta wani abu a mako, wani kuma ya ce malamar makarantar reno ce. Rabi na biyu ne zai sa da yawanmu mu yi shiru. Mukan tambayi ko yaro ya ci, ko ya yi barci, ko ya yi kuka. Ba kasafai muke tambayar wadda ta goya shi tun hantsi ko ta sa wani abu a cikinta ba.

Daga Jibiya zuwa Maraɗi, daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, daga Maigatari da Daura zuwa Magarya da Matamaye, kasuwancinmu a kan ƙafafun waɗannan bayin Allah yake tsaye. Mai fatauci ba ya iya ƙetare iyaka ya kwana biyu ko uku, mai sayar da abinci ba ta iya wuni a bakin tasha, sai da wadda za ta riƙe musu yara. Tsakar gida ko ajin yara shi ne wurin aikinta, kamar yadda rumfa take wurin aikinku. Magabata sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wadda ba ta ƙoshi ba, wadda jikinta ya yi tsami, wadda jiri ke ɗiba, ba za ta iya ba yaro kulawar da kuke nema a wurinta ba, komai kyan zuciyarta.

Yadda wuninta yake tafiya

Mu bi wunin mai reno daga farko. Ta tashi da asuba ta yi shara, ta ɗora ruwa. Kafin ta karya kumallo an fara miƙo mata yara. Wannan yana kuka, wancan ya ɓata wando, na goye yana neman kunu. Sai ta kurɓi shayi mai sukari da guntun burodi a tsaye, ta ce anjima za ta ci abinci. Anjimar ba ta zuwa sai bayan azahar, lokacin da yara suka ci suka rage, ita kuma ta suɗe kwano. In ƙishirwa ta dame ta, a aiko mata lemon kwalba, ta sha ta ji kamar ta ƙoshi. Daga nan har la'asar tana zaune a tabarma ko a kujera, yaro a cinya, wani a baya. Da dare ta kwanta a gajiye, ƙugu yana ciwo, ta ɗauka gajiyar aiki ce kawai.

Irin wannan wuni, idan ya maimaitu shekara da shekaru, ciwo iri biyu yake haifarwa. Na farko shi ne ƙarancin jini, wanda ya fi kama 'yan mata da masu ciki da masu shayarwa. Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Najeriya a shekarar 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, haka ma kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59. Alamominsa sun haɗa da kasala, da jiri, da haki bayan ɗan ƙaramin aiki, da farin tafin hannu da cikin fatar ido. Yarinyar da kuke yi wa faɗa kuna cewa ragguwa ce, mai yiwuwa jini ne ya yi mata ƙaranci.

Na biyu shi ne hawan jini da ciwon sukari, waɗanda suka fi samun manya, musamman masu ƙiba da masu yawan zama. Hawan jini ba ya sallama. Mutum yakan yi shekaru da shi bai ji komai ba, har ranar da zai faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin manyan da ke ɗauke da hawan jini a duniya ba su san suna da shi ba. Ku tuna da kakar da aka bar wa jikoki huɗu, ga murhu da wuta a tsakar gida, ga randa cike da ruwa, ba wani babba a kusa. Idan ta yanke jiki ta faɗi, ba ita kaɗai ce cikin haɗari ba.

Abin da ya kamata ya shiga kwanonta

Kada ku ɗauka abinci mai gina jiki sai mai kuɗi. Yawancinsa a gabanku yake, ku ne ma kuke sayar da shi. Masana abinci sun kasa abin da muke ci kashi goma: hatsi da doya da rogo da dankali, wake da danginsa, gyaɗa da riɗi, nono da madara, nama da kifi, ƙwai, ganyaye masu duhun kore kamar zogale da alayyafo da rama, kayan lambu da 'ya'yan itatuwa masu ja ko rawaya a ciki kamar karas da kabewa da mangwaro da gwanda, sauran kayan lambu kamar tumatir da albasa da kuɓewa, sai sauran 'ya'yan itatuwa kamar gwaba da lemu da kankana. Macen da ke cin aƙalla kashi biyar daga cikin goman nan a kowace rana ta fi kusa da samun abin da jikinta yake buƙata.

Mu yi lissafi da abincin da muka saba. Da safe koko da ƙosai, an samu hatsi da wake. Da rana kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa, an ƙara ganye da gyaɗa da kayan lambu. Da la'asar fura da nono, ko hura kamar yadda 'yan uwanmu na Maraɗi da Ƙonni suke faɗa, an ƙara nono. Gwaba guda a kai, an samu kashi bakwai, ba a sayi nama ba. Kwatanta wannan da shayi da burodi da safe, taliya da mai da yaji da rana, tuwo da miya tsararo da dare: ciki ya cika, amma kusan hatsi kaɗai aka ci.

Domin gyaran jini, a nemi hanta ko nama ko kifi gwargwadon hali, ko sau biyu ne a mako, tare da wake da ganye kullum. Fara ma, wadda ake soyawa a kasuwanninmu, abinci ce mai gina jiki. Matsa lemon tsami a kan kwaɗo, ko cin gwaba ko lemu bayan abinci, yana taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye. Shayi kuwa akasin haka yake yi, saboda haka a jinkirta shi kamar awa guda bayan cin abinci. Da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma hatsi ya yi tsada, ganye yana da yawa. A shanya zogale da rama da kuka a inuwa, a adana don rani, domin zafin rana yana rage musu amfani.

Gishiri, sukari da mai

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kimanin cokalin shayi guda, duk da wanda ke ɓoye cikin burodi da taliyar leda da dunƙulen magi. Dunƙulen nan kusan rabinsa gishiri ne. Kanwa ma tana ɗauke da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri wanda yake tayar da hawan jini, don haka a taƙaita ta. Daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da busasshen kifi suna ba miya ɗanɗano, har a rage dunƙule daga huɗu zuwa biyu. Idan an rage sannu a hankali, harshe yakan saba cikin 'yan makonni. Ɗan gishirin da za a sa kuwa ya kasance mai aidin, wanda ke kare mutum daga maƙoƙo kuma yake taimaka wa ƙwaƙwalwar yaro, a riƙa rufe shi a mazubi.

Game da sukari, iyakar da aka shata wa babba ita ce kimanin giram 50 a rana, wato kusan cokalin shayi 12, kuma rabin haka ya fi alheri. Robar lemo guda mai rabin lita takan ƙunshi kusan wannan adadi gaba ɗaya. Wanda ya aika wa mai reno lemon kwalba kullum da niyyar kyautatawa, da zai mayar da kuɗin ƙwai biyu ko nono ko yankan kankana, da ya fi yi mata alheri. Zoɓo da kunun zaƙi da fura ma a sassauta musu sukari. Soye-soye kuma su zama na wani lokaci, a guji man da aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi.

Akwai wani dalili da ya sa kwanon mai reno ya shafe ku kai tsaye. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yaro ɗan shekara biyu ba ya jin wa'azi, abin da ya ga babba yana ci shi yake miƙa hannu ya karɓa. Idan wadda yake wuni da ita tana cin zogale da wake tana jin daɗi, shi ma zai ci. Idan hannunta kullum da alawa da lemo, su zai sani, ya ƙi tuwo. Saboda haka mafi kyawun tsari shi ne mai reno ta zauna ta ci tare da yara, abinci iri ɗaya, a lokaci ɗaya, bayan kowa ya wanke hannu da sabulu. Ita ta samu cin nata da zafinsa, su kuma sun samu abin koyi.

Gajiya daban, motsa jiki daban

Na san abin da wasu iyayena mata za su ce: wane motsa jiki kuma, bayan wuni muke muna aiki? Gaskiya ne, daka da surfe da ɗiban ruwa da shara duk motsa jiki ne, kuma wadda take yin su kullum ta samu rabonta. Abin da ta fi buƙata shi ne abinci da hutu. Amma injin niƙa ya karɓe daka a gidaje da yawa, babur ya karɓe tafiyar ƙasa, kuma reno aiki ne mai gajiyar da rai da ƙugu ba tare da ya sa jini ya zagaya ba. Ana iya wuni a zaune a tashi a gajiye liƙis.

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2020 ita ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Mafi ƙarancinsa minti 30 ke nan a rana, kwana biyar. Matsakaici shi ne wanda zuciya za ta ƙara bugawa, numfashi ya ɗan hau, mutum yana iya magana amma ba ya iya rera waƙa. Ba dole ne a yi shi a zama ɗaya ba: minti goma da safe, goma da hantsi, goma da yamma, duk ana lissafa su. An kuma so a yi aikin da ke ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako, kamar tashi da zama daga kujera sau goma ba tare da dafa komai ba, ko tura bango da hannu biyu.

Abin daɗin shi ne buƙatar mai reno da ta yaro sun zo ɗaya. A ƙa'idar da hukumar ta fitar a 2019, yaro ɗan shekara 1 zuwa 4 yana buƙatar aƙalla minti 180 na wasa da motsi a rana, kuma ga ɗan shekara 3 zuwa 4, minti 60 daga ciki su zama na guje-guje da tsalle-tsalle. Jaririn da bai fara rarrafe ba a riƙa kwantar da shi rub da ciki yana farke, ana kallonsa, jimillar minti 30 a rana. An kuma ce kada a riƙe yaro wuri ɗaya fiye da awa guda a jere, ko a kujera ko a goye. Goyo al'adarmu ce mai kyau, tana kwantar wa yaro hankali, amma a riƙa sauke shi ya motsa, bayan mai goyon ma ya sarara. Waya da talabijin kuwa, yaron da bai kai shekara 2 ba bai kamata a zaunar da shi gabansu ba, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa guda a rana.

To, maimakon mai reno ta zauna tana tsawata wa yara daga nesa, ta tashi ta shiga cikinsu. Gaɗa, da tafa hannu, da wasan ɓuya, da tsallen igiya, da jefa ƙwallon tsumma, ba wanda yake buƙatar ko sisi, kuma duk ana yin su a tsakar gida, har ga matan da ba sa fita. Da bazara, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a wannan yanki namu, a yi wasan da sanyin safiya ko bayan la'asar, a inuwa, da ruwa a kusa. Mai ciki, da mai ciwon zuciya, da wadda ta daɗe ba ta motsa ba, su fara da kaɗan, su kuma nemi shawarar ma'aikacin lafiya. Wadda ta ji ciwon ƙirji ko jiri ta tsaya nan take, a kai ta asibiti.

Ƙugu, ruwa da barci

Mai reno takan ɗaga yaro sau da yawa a wuni, yaro ɗan shekara biyu kuwa yakan kai kilo 11 ko 12. Sunkuyawa da ƙafafu a miƙe ita ke kawo ciwon ƙugu. Ta durƙusa, ta jawo yaron jikinta, sannan ta miƙe da ƙarfin cinyoyi, kada ta murɗa ƙugu tana ɗauke da shi. In a kwankwaso take saɓa shi, ta riƙa sauya ɓangare. Ta ajiye tsaftataccen ruwan sha kusa da ita; fitsari mai duhu alama ce ta ruwa ya yi wa jiki kaɗan. Barci kuma kada ya gaza awa 7. Yarinyar da ta kwanta ƙarfe sha biyu bayan wanke-wanke, aka tashe ta ƙarfe huɗu, dole ta yi gyangyaɗi da jariri a hannu.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Duk abin da na faɗa ba zai yiwu ba idan an bar wa mai reno ita kaɗai, domin ba ita ke riƙe da kuɗin cefane ba, ba ita ke tsara lokaci ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku iyaye, idan za ku kai yaro, ku kai abincin mutum biyu, ko ku sa rabonta cikin lissafin cefane a fili, kada ta zama mai jiran ragowa. Ku fatake masu ƙetare iyaka, kafin ku tafi ku bar wake da gyaɗa da busasshen ganye da kifi a gida, ban da kuɗi, ko naira ce ko sefa, domin wadda ke fama da yara ba ta da ƙafar zuwa kasuwa. Ku bar lambar wani babba da za a kira idan wani abu ya taso. Ku dawo ku karɓi yara a lokacin da aka yi alkawari. Idan kuma mai renon yarinya ce ƙarama, ku tuna ita ma 'yar wasu ce, jikinta bai gama girma ba, tana buƙatar abinci fiye da yadda kuke zato, tana kuma da haƙƙin zuwa makaranta.

Ku masu makarantun reno, ku ware wa malamai lokacin cin abinci da na hutu, wata ta karɓi wata. Ku ajiye ruwan sha da sabulu, ku sa wasan fili cikin jadawalin kowace rana, kada ku tara wa mace ɗaya yaran da suka fi ƙarfinta. Wadda ta kamu da zazzaɓi ko gudawa a bar ta ta huta ba tare da an yanke mata albashi ba, domin tsoron yankan albashi shi ke sa marar lafiya ta zo aiki ta shafa wa yara. Tarin da ya wuce mako biyu a je a gwada, don gudun tarin fuka.

Ku shugabannin kasuwa da ƙungiyoyin mata masu adashi, ku gayyaci ma'aikatan lafiya na yankinku su riƙa awon jini ran kasuwa, a kira kakanni da masu reno su zo. Awon ba ya cin minti biyar. Wadda aka samu awonta ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, a sake aunawa a wata rana, idan ya tabbata ta bi shawarar likita. Wadda aka ɗora a kan magani kada ta daina don ta ji sauƙi, kuma in za ta ƙetara ɗaya ɓangaren, biki ko jinya ko ziyara, ta tafi da maganinta da katinta.

Ku kuma masu reno, iyayena da ƙannena, neman abinci a kan lokaci da neman hutu ba rashin kunya ba ne, ba kuma raki ba ne. Ku faɗi abin da ke damunku tun yana ƙarami.

Ina roƙon kowa ya ɗauki abu ɗaya ya fara da shi a wannan mako: ko rage dunƙule guda a miya, ko musanya lemo da nono, ko minti goma na wasa da yara bayan la'asar. Yau kuma idan kun tashi kasuwa kun je karɓar yaranku, kafin ku tambayi yadda yaro ya wuni, ku gaishe da wadda ta riƙe shi, ku tambaye ta me ta ci, ku saurari amsar.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya raya mana zuriya, ya sa albarka a kasuwa.